Explorer: Jitar da Kasuwa Ta Ƙi, Makaɗan Metal Suka Ɗauka

A littafin fitar da kaya na kamfanin Gibson, lokacin yana garin Kalamazoo a jihar Michigan ta Amurka, akwai wani lissafi da duk ɗan kasuwar da ya gani sai ya girgiza kai. Wata sabuwar jitar lantarki mai suna Explorer ta shiga kasuwa a 1958. A wannan shekara guda 19 kacal aka tura wa dillalai, a 1959 kuma guda 3. 'Yar'uwarta Flying V, wadda suka fito tare, ta ɗan fi ta sa'a: 81 a shekarar farko, 17 a ta biyu. Daga nan kamfanin ya dakatar da su duka biyun, sai 'yan ragowar katakon da aka harhaɗa aka sayar a farkon shekarun 1960. Yau kuwa, in aka ce wa yaro a Jamus ko Brazil ko Japan ya zana makaɗin metal, da wuya bai rataya masa ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba. Tsakanin wancan faɗuwa da wannan ɗaukaka akwai tarihin da ya kamata a bi a hankali, domin yawancin masu ba da shi kamfanin suke yi wa kirari, alhali kamfanin ne ya fi kowa saurin yanke ƙauna.

Kishi ne ya haifi Explorer. Leo Fender, mai gyaran rediyo a Kalifoniya, ya fitar da Stratocaster a 1954, jita mai sauƙin ƙerawa da launuka irin na motoci, matasa suka yi mata caa. Gibson kuwa tsohon gida ne da ya yi suna wajen jitocin makaɗan jaz masu ƙugu da kumburarren ciki. Shugabansa na lokacin, Ted McCarty, ya sha ba da labari daga baya cewa ya ji ana kiran kamfaninsa na 'yan mazan jiya, sai ya ƙudiri aniyar rufe bakin masu faɗa. Aka zana siffofi uku da miƙaƙƙun layuka da kusurwoyi: Flying V, da Explorer, da Moderne wadda ba a ma ƙera ta don sayarwa ba sai a 1982. Zamanin ne na kumbon Sputnik da motoci masu fikafikai a baya. Abin da masu zanen ke nufi shi ne ci gaba da sararin samaniya. Babu wanda ya yi tunanin tsoro ko yaƙi, kuma kiɗan metal kansa saura shekara goma sha biyu a ji ɗuriyarsa.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba: gangar jikin Explorer kamar zanen walƙiya take. Wani dogon kafaɗa ya miƙe baya ya yi sama inda hannun dama ke hutawa, wani ƙaho kuma ya yi gaba ya yi ƙasa a ƙarƙashin wuya. Kan wuyan ya sunkuya gefe guda, maɗauran tsirkiya shida suna jere a layi ɗaya. Katakon da aka yi ta da shi kamfanin ya kira shi korina, amma itacen limba ne na dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, wanda 'yan katako a kudancin Najeriya ke kira afara, a Ghana kuma ofram, dangin baushen da muka sani a dajinmu. Fari ne mai ratsin zinariya, mara nauyi sosai. Farashinta dala 247.50, daidai da na jitar Les Paul ta Gibson a lokacin. Mai wannan kuɗi a 1958 ya gwammace ya sayi abin da zai shiga da shi gidan rawa ba a yi masa dariya ba. Ana ba da labarin dillalan da suka rataye Flying V a tagar shago don jan idon masu wucewa kawai.

Waɗanda suka fara ɗaukar waɗannan jitoci da gaske makaɗan buluz ne. Albert King, bahago ne da ke juya jitar 'yan dama ya kaɗa ta a kife, kuma Flying V ta dace da shi tunda ɓangarorinta biyu daidai suke. Lonnie Mack ya riƙe tasa tun 1958 har ƙarshen rayuwarsa. Da Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya bayyana da ita a talabijin a tsakiyar shekarun 1960, sai Gibson ta dawo da Flying V a 1967, Jimi Hendrix ma ya samu ɗaya ya yi mata zane da hannunsa. Explorer kuwa aka bar ta kwance kusan shekara goma sha bakwai.

A nan ne labarin ya fi daɗi, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, amma waɗanda suka shiga ta wannan tsaga gyara suka yi. A jihar Illinois, Paul Hamer da Jol Dantzig, masu cinikin tsofaffin jitoci, sun lura makaɗa na neman tsohuwar Explorer ruwa a jallo ba sa samu. A tsakiyar shekarun 1970 suka fara ƙera tasu, Hamer Standard, da siffar Explorer da kwalliyar Les Paul, Rick Nielsen na Cheap Trick ya zama babban mai tallata ta. A 1975 kamfanin Ibanez na Japan ya fitar da Destroyer, kwaikwayo mai araha kuma mai kyau. Dean Zelinsky, saurayi da bai wuce shekara ashirin ba, ya kafa kamfanin Dean, ya fitar da jitocin Z da V, sannan ya auri rabin Explorer da rabin Flying V ya haifar da ML a 1977. Gibson ba ta waiwayi Explorer ba sai a 1976, bayan ta ga wasu na cin kasuwa da siffarta.

Wannan ya zo daidai da lokacin da metal ke neman fuska. Kiɗan ya tashi ne a Birmingham ta Ingila, garin masana'antu, inda Black Sabbath suka fitar da faifansu na farko a 1970. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 Judas Priest sun sa baƙar fata da ƙusoshi, K.K. Downing yana riƙe da Flying V. A Jamus 'yan'uwa biyu, Rudolf da Michael Schenker, sun mai da V tamkar sunan gidansu, Matthias Jabs na Scorpions kuma ya tsaya kan farar Explorer mai baƙaƙen ratsi. Wuraren wasa sun girma daga ƙananan ɗakuna zuwa filayen da ke cin dubban mutane. Wanda ke can baya ba ya ganin yatsu, inuwa kawai yake gani a cikin hayaƙi da fitilu. Jita mai zagayayyen jiki tana narkewa a jikin mai ita. Mai kusurwa kuwa tana yanka haske, a gane ta daga ko'ina. Da tashar MTV ta buɗe a 1981, ido ya ƙara samun iko a kan kunne.

Mu ma mun san wannan aiki na kayan kiɗa. Tun kafin a busa kakaki, tsawonsa ya riga ya gaya maka sarki na tafe, wanda ya hango kalangu a hammata kuma ya san akwai mahauta ko 'yan biki a kusa. Haka jita mai kusurwa ta zama wa metal: sanarwa kafin sauti.

Sai dai kar a ɗauka siffar ce ke yin rugugin. Wannan kuskure ne da tallace-tallace suka dasa a zukatan matasa da yawa. Nauyin sautin metal daga wurare uku yake fitowa. Na farko, na'urar tsintar sauti da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, wato mayen ƙarfe da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Injiniyan Gibson, Seth Lover, ya ƙirƙiro mai naɗi biyu wadda ke kashe gurnanin lantarki ta kuma ba da sauti mai kauri, aka fara sa ta a jitoci a 1957, kuma ita ce a jikin Explorer tun ranar farko. Na biyu, na'urar ƙara sauti irin ta Marshall da ake buɗe wa wuta har muryar ta dakushe ta yi ƙaiƙayi. Na uku kuma, wanda ya fi duka, hannun dama: a ɗora gefen tafi a gindin tsirkiya a danne ta, a riƙa sara ƙasa da sauri ba fashi. Hujja ba ta da wuyar samu. Tony Iommi na Black Sabbath, uban wannan kiɗa, da jitar SG ya gina shi. Dave Murray na Iron Maiden Stratocaster yake kaɗawa. Ta ɗaya gefen kuma, The Edge na U2 ya sayi Explorer a New York a 1978 yana matashi, ya fitar da sauti garau mai amo kamar ƙararrawa, ba ruwansa da metal. Gaskiya ne Eddie Van Halen, wanda ya yi amfani da Destroyer a faifan ƙungiyarsa na farko na 1978, ya yanke wani babban ɓangare na jikinta da zarto, daga baya ya ce ya lalata mata murya. Wannan ya nuna yawan katako na da nasa tasiri. Amma tasirin kauri da nauyi ne, ba na tsinin kusurwa ba.

Abin da ya sa na fifita Explorer a kan duk danginta shi ne kusurwoyinta suna aiki. Dogon kafaɗan baya yana tallafe hannun dama daidai inda mai saran tsirkiya ke buƙata, yana kuma daidaita nauyin wuya. Yankan da ke ƙarƙashin wuya ya buɗe hanya har can ƙarshen matakala. Tana zama a cinya lafiya, abin da Flying V ba ta iya ba. Ita sai da aka liƙa mata roba a gefe tun 1958 don kada ta zame wa mai zaune. Aibin Explorer girma ne: akwatinta ya yi faɗi, kuma duk mai ita ya san yadda kafaɗan nan ke bugun ƙofa da bango. Ba mamaki da ta zama jitar James Hetfield na Metallica, mutumin da ya ɗaga saran hannun dama zuwa matsayin da har yau ake auna kowa da shi. Shi ma da kwaikwayo ya fara, wata farar V mai araha da kamfanin Electra ya yi, kafin ya koma farar Explorer ta Gibson wajen 1984. Bayan 'yan shekaru ya koma wa kamfanin ESP na Japan, wanda ya ƙera masa irin siffar da na'urorin EMG masu batir. Hoton Explorer da ya fi yawo a duniya, ke nan, sau da yawa ba sunan Gibson ne a kanta ba.

Daga 1980 abin ya zama gasa. Randy Rhoads, makaɗin Ozzy Osbourne, ya kai wa Grover Jackson zanen V mai fiffike ɗaya dogo ɗaya gajere. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a Florida a watan Maris na 1982 yana da shekara 25, jitar ta ci gaba da ɗauke da sunansa. Bernie Rico na B.C. Rich ya fitar da Warlock, kamfanin Jackson ya fitar da Kelly da King V, Dimebag Darrell na Pantera ya farfaɗo da Dean ML a shekarun 1990. Wasu daga cikin waɗannan, musamman na Rhoads, zane ne na gwani. Da yawa kuwa ƙarin tsini ne kawai a kan tsini, har jita ta koma abin ado da ke sukar mai riƙe da ita. Inda Explorer ta yi magana da layuka kaɗan, su ihu suke yi.

Da kasuwa ta nuna, sai maganar mallaka ta taso. Gibson ta matsa wa ESP har ta sauya siffar jitocinta masu kama da Explorer. Bayan kamfanin Gibson ya fita daga durƙushewar da ya yi a 2018, ya maka masu Dean a kotun tarayya a Texas a 2019. A 2022 masu taya alƙali hukunci suka ce an keta haƙƙin Gibson, amma suka ce ta yi jinkirin kai ƙara, suka ba ta dala 4,000 kacal. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba da umarnin sake shari'ar a 2024 saboda an hana gabatar da shaidar tsofaffin kwaikwayon da wasu kamfanoni suka yi, kuma a zagaye na biyu a 2025 Gibson ta sake yin rinjaye kan Explorer da Flying V. A Turai kuwa, a 2019, kotun Tarayyar Turai ta ƙi amince mata da mallakar siffar Flying V a kan jitoci.

Doka tana da ma'auninta, kuma babu mai musun cewa a Kalamazoo aka yi zanen. Tsofaffin na 1958, waɗanda dillalai suka ƙi, yanzu ɗaruruwan dubban daloli ake sayar da kowace ɗaya. Amma darajar da ake shari'a a kanta ba a 1958 aka same ta ba. An tara ta ne a shekarun da mai zanen ya juya baya, a ƙaramin shagon Hamer, a masana'antun Japan, da hannun samarin da kuɗinsu bai kai na asali ba suka sayi kwaikwayo suka hau dandamali da shi. A ganina Gibson ta cancanci sunan da ke kan wuyan jitarta da kuɗin wadda ta ƙera da hannunta. Siffar kuwa, da Hamer da Ibanez da Dean ba su ɗauke ta daga inda aka yar da ita ba, da yau babu abin da za a kai kotu.