Natsuwar Zikiri da Haƙƙin Jama'a: Nazari Kan Tarbiyyar Zuciya

A garuruwan kudancin Jigawa, daga Birnin Kudu har Gwaram da Farin Dutse, duk yammacin Juma'a akan ji amon hailala daga zawiyoyi da ƙofar gidajen malamai. Ɗan Tijjaniyya yana da laziminsa safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, ga kuma wazifa cikin jama'a. Ɗan Ƙadiriyya ma yana da nasa wuridin. Abin da ake nema shi ne a tattaro zuciyar da hidimar duniya ta warwatsa, a zaunar da ita gaban Ubangijinta. To idan an shafa fatiha kowa ya ɗauki takalminsa, natsuwar nan tana bin mutum gona da kasuwa, ko a kan buzu ake barin ta?

Wasu al'ummu ma sun yi fama da wannan tambaya. Mabiya addinin Buddha a Asiya sun fi shekara 2,000 suna horar da kansu kan lura: mutum ya san shigar numfashinsa da fitarsa, ya gane fushi ya taso tun bai kai ga harshe ba, ya kuma saba yi wa kowane mai rai fatan alheri, har wanda ba sa ga maciji da juna. Aƙidarsu da tamu sun yi hannun riga, domin su ba su gina horon nan kan sanin Mahalicci ba. Duk da haka, abin da ya same su a ƙarni na 20 abin dubawa ne.

Lokacin yaƙin Biyetnam, bama-bamai na sauka kan ƙauyuka, masu ibadar Buddha suka rasa na kamawa: su ci gaba da zama a wuraren bautarsu, ko su fita ceton mutane? Wani malaminsu, Thich Nhat Hanh, wanda aka haifa a 1926, ya ce a haɗa biyun. A shekarun 1960 ya kafa makarantar horar da matasa, suna shiga ƙauyukan da aka rusa suna tayar da makarantu da ɗakunan shan magani. A 1967 Martin Luther King ya ba da sunan malamin don lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. A Sirilanka kuwa, a 1958 wani malamin makaranta, A. T. Ariyaratne, ya kwashi ɗalibansa zuwa wani ƙauyen matalauta suka yi aikin ƙarfi kyauta. Daga nan ƙungiyar Sarvodaya ta samo tushe, kuma duk wanda ya taɓa fita gayya zai gane tsarinta.

Wata hanyar daban ta ɓullo a Amurka. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya tsara horon lura na mako 8 a asibitin Jami'ar Massachusetts don masu doguwar jinya da damuwa, aka kuma ga amfaninsa. Daga baya kamfanoni da manhajojin waya suka mai da abin haja. A wurare da yawa aka riƙe numfashin aka yar da tausayin, har ya zama ana koya wa ma'aikaci jure nauyi ba tare da an tambayi wanda ya ɗora masa ba.

Idan muka dawo gida, magabatanmu ba su raba zikiri da mu'amala ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a littafinsa Ihya'u kan muraƙaba da muhasaba: mutum ya gindaya wa ransa sharaɗi da safe, ya sa mata ido da rana yana sane Allah na ganinsa, ya yi mata hisabi da dare. A littafin nan dai ya ware wani babin kan ladubban neman abinci da ciniki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne mai wuridi, kuma shi ne ya yi rubutu kan harajin zalunci da cin hanci da mazan da ke barin matansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, da ta rasu a 1864, ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata cikin tsarin 'Yan Taru.

Saboda haka awon muraƙaba a ƙasarmu ba ɓoyayye ba ne. Yana ga mudun da ake auna gero a kasuwar Sara, ko an buga gindinsa ko an bar shi yadda yake. Yana ga mai hali da ke ba manomi bashin buhu a tsakiyar damina, ya ce da kaka a maido masa biyu. Yana ga manomin da ya tarar da shanu sun yi masa ɓarna, ya iya haɗiye fushinsa har ya isa gidan mai unguwa, da makiyayin da ya tsaya ya amsa laifi, da wanda ya cinye burtali da garma. Yana ga ɗan yatsan da ke shirin tura jita-jita a WhatsApp. Ambaliyar 2022 ta nuna wa Jigawa cewa tausayi na nan da ransa, don mutane sun buɗe zaurukansu ga waɗanda gidajensu suka rushe. Rauninmu shi ne mukan jira masifa kafin mu lura, alhali almajirin da ke bara a ƙofa da gwauruwar da hayaƙi bai tashi a gidanta ba kullum suna nan.

Gyaran yana hannun muƙaddamai da limamai. Yadda suke tambayar almajiransu ko sun kiyaye wuridi, haka ya kamata su riƙa tambayarsu ko sun cika mudu, ko sun biya lebura kafin ya kwana, ko sun san maƙwabcin da ya kwana da yunwa. Zawiyar da ke tara mutum hamsin kowace Juma'a tana iya raya ciyayya a unguwarta, ta shirya gayyar yashe magudanan ruwa kafin damina, ta sasanta manomi da makiyayi tun magana ba ta kai kotu ba. Ba sabon abu za a ƙirƙiro ba, aikin da Shehu da Nana Asma'u suka bari ne za a ɗora a kai.