Inda kyamara ta tsaya a filin bori

Kafin mai ɗaukar hoto ya danna komai, ya riga ya yanke hukunci da ƙafarsa, domin inda ya tsaya ne zai tantance abin da ɗan kallo zai sani. Masu sana'ar suna bambanta hoton nesa, wanda ke kwaso fili da jama'arsa, da hoton kusa, wanda ke cika allo da fuska ɗaya. Suna kuma bambanta doguwar ɗauka da wadda aka yayyanka wurin tacewa. A ganina al'adun Arawa, irin wasan bori na Dogon Dutsi da Tibiri, sun fi bukatar nesa da doguwar ɗauka, kuma wanda ya gaggauta zuƙo fuska yakan zubar da rabin labarin.

Hawan iska ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mai goge yana kiran kowace iska da nata taken, masu ƙwarya suna ƙara zafin kiɗa, mata suna tsaye da zane a hannu don su rufe wanda ya faɗi. In aka zuƙo idon dokin bori kawai, baƙo zai ga mutum yana karkarwa ba dalili, alhali dalilin yana can gefe a hannun makaɗi. Mai shirya fim Jean Rouch ya gane haka a Simiri ta Zarmaganda a 1971. Ya saɓa kyamara a kafaɗa ya shiga fili da ƙafa, Musa Hamidu na ɗaukar sauti, ya ɗauki fim ɗinsa Tourou et Bitti kusan minti 10 bai yanke ba. Ɗan kallo ya ɗanɗana jiran da mutanen gari suka yi kafin iska ta sauka, kuma almakashin mai tacewa jira yake fara cinyewa.

Med Hondo ma, a fim ɗinsa na 1986 kan Sarauniyar Lugu da yaƙin 1899, ya buɗe allo ya nuna ayarin sojojin mulkin mallaka na Voulet da Chanoine yana jan 'yan dako da kamammun mata cikin daji. Tsawon ayarin shi kansa shaida ne kan ɓarnar. Abin takaici, a Burkina Faso aka ɗauke shi, don haka duwatsun ƙasar Arawa ba su fito ba.

Za a ce yau a waya ake kallo, kuma a ƙaramin allo hoton nesa kan mai da mutane ɗigo-ɗigo, a fuska kuwa ake ganin tsoro da hawaye. Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuwa ce a yar da hoton kusa ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin zuƙowa daga bayan taro da matsowa da ƙafa. Mai zuƙowa yana satar fuska, hotonsa na rawa, sautinsa na nesa. Mai matsowa dole ya nemi izinin Sarkin Bori, ya yarda a gan shi, kuma a kan hanyarsa zuwa fuskar sai ya ratsa makaɗa da 'yan kallo, duk su shiga cikin ɗaukar.