Jinjina ga direbobin manyan motoci na yammacin Zamfara

Duk buhun gero ko dawa da ya bar Gummi ko Bukkuyum ya isa Gusau, akwai direban da ya ratsa Anka da shi, ga ramuka, ga fargabar 'yan bindiga. Tun da asuba yake duba taya da birki da ruwan lagireto, yaron mota na ɗaure tamfol. Ba kasafai ake gode wa direbobin nan ba.

Mutanen Tungar Daji sun san darajarsu. Lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har da nasu, a 2010, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. An yi ta ambaton likitocin MSF, kuma sun cancanta, amma da motoci aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar, aka kawo mai tsabta.

Matashi mai sha'awar aikin nan, kada ka raina zama yaron mota, domin a nan ake koyon lodi da jin kukan inji. Nemi lasisinka ta hannun hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC. Na tirela shi ne ajin G. Ka shiga ƙungiyar direbobi ta NURTW, don mai mota ba ya miƙa makulli sai ga wanda aka tsaya masa. Ku kuma iyayen gida da kuka daɗe a sitiyari, idan barci ya zo ku faka, kada ku nemi ƙwaya. Ku riƙa koya wa yaranku tuƙi da gaskiya. Allah Ya sauke ku lafiya.