Girkin Tsohuwar Kyanwa a Mashi

A Mashi, gidan da ke da rumbun gero da buhunan wake ba ya rasa kyanwa, kuma kowa ya san ladanta: ɓeran da ta kama da ɗan abin da ya rage a akushi. Haka take rayuwa har ta haura shekara 12 ko 14. Daga nan sai a ga ta rame, gashinta ya yamutse, ta tare a gindin randa tana ta shan ruwa, a ba ta abinci ta shinshina ta kau da kai. Yawancin mutane sai su ce tsufa ne, su jefa mata lomar tuwo da miya, su ci gaba da harkarsu. Akwai wata dattijuwa a garin da ba ta yarda da wannan amsar ba. 'Yan gidanta, Inna suke ce mata. Ɗanta ya kai tsohuwar kyanwarta wurin likitan dabbobi, aka ɗebi jini, aka ce ƙoda ta gaji, kuma akwai alamun kumburin fankiriyas. Tun daga ranar Inna ta mayar da ciyar da kyanwar nan sana'a.

Sai an san ciwon kafin a gane gwanintar. Kakannin kyanwa muzurun daji ne na Afirka da Gabas ta Tsakiya, ƙasashen da ruwa ke wuya, shi ya sa ba ta da yawan jin ƙishi. Daga jikin abin da ta farauto take samun ruwa, domin kusan kashi 70 cikin 100 na ɓera ruwa ne, ƙodarta kuma tana matse fitsari har ya yi kauri don kada a yi asara. Idan ƙoda ta lalace sai ta kasa matsewa, ruwa ya riƙa zuba, dattin da ya kamata a tace ya taru a jini. Kafin masu gida su lura, kusan kashi biyu cikin uku na aikin ƙodar ya riga ya tafi, kuma ba ya dawowa. Babban abin tsoro a cikin dattin nan shi ne fosfaras, sinadarin da manoman Mashi suka sani a buhun takin NPK. A gona alheri ne, amma a jinin kyanwa mai ciwon ƙoda yana ƙara cin abin da ya rage mata.

Fankiriyas kuwa wata 'yar tsoka ce mai laushi, kwance kusa da tumbi da bakin ƙaramin hanji, ita ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci. Idan ta kumbura, kyanwa ba ta cika yin kuka ko yawan amai ba. Takurewa take yi wuri ɗaya, ta daina ci. To ga inda gizo ke saƙar: ƙoda na son a rage fosfaras, a daidaita furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama, don haka abincin da ake haɗa wa masu ciwon ƙoda yakan cike giɓin da kitse. Cikin da ke fama da fankiriyas kuma ba kullum yake karɓar maiƙo ba, ko da yake kyanwa ta fi kare jure shi. A bar ta da yunwa kuma ya fi duka muni, domin 'yan kwanaki ba ci sun isa kitse ya taru a hantarta, ciwo na uku ya shigo.

Akwai abincin gwangwani da na buhu da kamfanoni irin su Royal Canin da Hill's suke yi don wannan lalura, kuma amfaninsa ba zance ba ne. A shekarar 2000 likitocin kwalejin dabbobi ta Landan sun buga binciken da suka yi a kan kyanwowi 50 masu ciwon ƙoda: waɗanda suka karɓi abincin mai ƙarancin fosfaras sun rayu kimanin kwana 633, waɗanda suka ƙi shi kuwa kwana 264. Sai dai wannan kaya na manyan birane ne, kuma da tsada. Abin da Inna ke da shi murhu ne da tukunya, da turmi ƙarami, da rariya, da cokalin shayi, da umarnin likita da jikarta ta rubuta a littafi.

Da safe takan ɗauki tsokar cinyar kaza ko zabo, ta zare ƙashi tas, domin ƙashi ne ma'ajiyar fosfaras. Ta yanka ƙanana ƙanana, ta zuba cikin ruwa mai yawa, ba gishiri, ba magi, ba yaji. Yankawa ƙanana da yawan ruwan ba don saurin nuna ba ne kawai: tafasa tana fitar da wani kaso na fosfaras cikin romo, sai ta tsiyaye romon farko ta zubar. Amma romon yana tafiya da wani abu mai daraja, sinadarin tawurin, wanda jikin kyanwa ba ya iya ƙera isasshe. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka nuna cewa rashinsa yana sa zuciyar kyanwa ta saki. Yana kuma lalata ido. Shi ya sa Inna ke ƙara ɗan guntun zuciyar kaza, inda sinadarin ya fi yawa, tare da garin bitamin da likita ya bayar. Wannan lissafin na zubar da wani abu a maido da wani, kullum da safe, shi ya fi burge ni a aikinta.

Sai ƙwai. Da damina ƙwan zabi ya wadata a yankin nan, kuma Inna ta san rabonsa. Takan dafa shi ya yi tauri, ta cire gwaiduwa ta ba jikoki, domin a nan fosfaras ya taru. Farin ne na kyanwa: furotin mai kyau, mai sauƙin narkewa, fosfaras ɗinsa kaɗan. Ɓawon ma ba ya zuwa bola. Ta tafasa shi, ta shanya, ta daka har ya yi laushi, ta tankaɗe. Garin kalsiyam ne, yana maye gurbin ƙashin da aka cire, kuma yana kama wani fosfaras a hanji ya fita da shi kafin ya shiga jini. Gwargwadon da likita ya yanka take zubawa, ba ta ƙarawa, domin yawansa ma illa ne.

Kitse kuma da ido take auna shi. Ta bar ɗan fatar kaza kamar faɗin farce, ta duba yinin. Idan kyanwa ta ci ta miƙe ta yi wanka da harshe, gobe a maimaita. Idan ta duƙule, ta riƙa lasar leɓe tana dalalar da miyau, ko ta zo bakin tasa ta juya, zuciyarta ce ke tashi, sai a janye maiƙon a nemi maganin da likita ya rubuta. A irin wannan ranar Inna ba ta gabatar da sabon abinci, domin kyanwa tana riƙe abu: abin da ta shinshina cikin tashin zuciya tana iya ƙin sa har bayan ta samu sauƙi.

Duk kayan nan Inna ta haɗa ta daka ya yi lilis, ta dama da ruwan ɗumi har ya yi ruwa-ruwa kamar kunu. Ta ɗiga a bayan hannunta. Zafin jikin kyanwa wajen digiri 38 ne, kuma abinci mai ɗumin nan shi ke tayar da ƙamshi, ga shi kyanwa da hanci take fara ci. Tasa mai faɗi ce marar zurfi, an ɗora ta a kan bulo don kada tsohuwa ta sunkuya da yawa. Cokali ɗaya ko biyu, sau biyar ko shida a yini. Abin da bai shiga ba cikin rabin awa ta ɗauke, domin da bazara zafin Mashi yana haura digiri 40, nama ba ya jira.

Ruwa kuma aiki ne na daban. Lafiyayyiyar kyanwa mai kilo 4 tana bukatar kusan mililita 200 a rana, mai ciwon ƙoda ta fi haka. Inna ta ajiye kasake a wurare uku, nesa da tasar abinci, tana sabunta su daga randa. Da yamma ta ɗaga fatar ƙeyar kyanwar ta saki, ta taɓa dasashinta da yatsa. Fatar da ta yi jinkirin kwanciya da dasashi mai danƙo alamar bushewa ce, musamman da hunturu.

Babbar Sallah ita ce jarrabawa. Gida ya cika da suya, yara na son yin alheri. "Inna, ɗan guntun hanta fa?" Sai ta ce, "Ke 'yar nan, in kina ƙaunarta ki cinye abinki." Hanta, busasshen kifi, nono da madara duk fosfaras ne. Kilishi da tsire gishiri da yaji ne. Albasa da tafarnuwa, waɗanda ba miyar da ta rasa su, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Farasitamol kuwa, da wasu ke ba ta don tausayi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Na ga gidajen da ake jin hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa ana girgiza kai, alhali tasu tana bayan ɗaki kwana biyu ba wanda ya duba ko ta ci.

Kowace Juma'a jikar takan hau sikeli da kyanwar a hannu, ta sauka ta sake hawa ita kaɗai, a rubuta bambancin. Inna kuma ta bi gadon bayan da ƙugun da tafin hannu, domin idan an matsa wajen rage nama tsoka ce ke fara zubewa, sai a ƙara farin ƙwai. Idan nauyi ya ci gaba da raguwa, ko aka yi kwana guda cur kyanwar ba ta ci komai ba, Inna ba ta tsayawa gwaje-gwajen gida, ba ta kuma ɗura mata da ƙarfi. Kwando take ɗauka ta shimfiɗa zane, ɗanta ya kama hanyar Katsina da littafin a aljihu, a yi wa kyanwa ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, a sake duba jini, likita ya gyara ma'aunin girkin na watanni masu zuwa.