Bangon da ke riƙe rana har dare

A tsakiyar bazarar da ta wuce na shiga cikin birni gaida gwaggona, wajen ƙarfe biyu na rana, lokacin da kwalta ke tiriri, ko akuya ba ta yarda ta bar gindin katanga. Daga gidana na fito, ginin bulo da rufin kwano, inda tun hantsi fanka ke kaɗo iska mai zafi kamar daga bakin tanderu. Ina sa ƙafa a zauren gidan kakanmu, inda take zaune, sai na ji kamar an sauke mini kaya daga ka. Babu fanka a zauren, ko wayar lantarki ba a ja ba. Tabarma ce kawai da buta, sai wata 'yar taga can sama wadda ba ta fi faifai ba. Na dafa bango daga ciki, na ji sanyi irin na jikin randa. Na fita na dafa bayansa ta gefen da rana ke duka, ban iya barin hannuna a kai ba.

Abin da ke tsakanin wannan sanyi da wancan zafi bai wuce kamu ɗaya da ɗan ɗori na jar ƙasa ba. Amma ba kowace ƙasa ba, kuma ba kowane hannu ba. Aikin magina ne, kuma a ganina ba mu taɓa bukatar iliminsu kamar yanzu ba.

Dubi lissafin. A watan Afrilun 2024 hukumar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin sa'o'i 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana shan kusan yunit guda a kowace sa'a. A wancan farashi, in ka kunna shi sa'o'i takwas na dare, naira 1,800 ta tafi. A wata, 54,000. Ɗaki ɗaya ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Wanda ya ce zai koma janareta kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya san abin da galan guda ke yi wa aljihu. Mafi yawan wannan kuɗi ana kashe shi ne wajen korar zafin da ginin da kansa ya buɗe wa ƙofa.

Magini na gargajiya ba ya korar zafi, jinkirta shi yake yi. Ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, tana miƙa shi ciki sannu sannu, kamar yadda ruwa ke ratsa busasshiyar gona. Bango mai kaurin kamu guda sai zafi ya ɗauki sa'o'i goma ko fiye kafin ya ratsa shi. Wato zafin azahar ba ya isa cikin ɗaki sai dare ya yi nisa, lokacin da iskar waje ta huce, an buɗe ƙofa, wani ɓangare na zafin ma ya juya ya koma sararin sama. Kafin asuba bangon ya sha sanyin dare ya ƙoshi, da shi zai tari ranar gobe. Wannan dabara tana ci ne a ƙasa irin tamu, inda iska ke bushe mafi yawan shekara kuma tazarar zafin rana da na dare take da faɗi. Da hunturu sai lamarin ya juye ya zama wata riba: ɗumin da bango ya tara da rana shi ke rufe masu barci da tsakar dare. Bulon siminti mai inci shida, mai rami a ciki, ba shi da wannan haƙuri. Kwano kuwa ba a magana: da tsakar rana zafinsa yakan haura digiri 60, kuma nan take yake zubo shi a kan mutane.

Aikin yana farawa tun daga kududdufi. Gwani yakan ɗebi ƙasa ya murza a hannu, ya jiƙa ta ya mulmula, ya ga ko za ta riƙe ko za ta tsage. In yumɓu ya yi yawa bango zai dare in ya bushe, in yashi ya yi yawa zai zube. Birji mai kyau ake nema. A jiƙa shi, a tattake da ƙafa, a zuba ciyawa a sake tattakewa, a bar shi kwanaki ya tsima. Sannan a mulmula tubali da hannu, gindi mai faɗi kai mai tsini, a shanya a rana ya bushe ƙarau. Wanda ya taɓa tsayawa wurin gini ya san kyan abin da ke biyo baya: magini na zaune bisa bango kamar mahayin doki, yaro daga ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana caɓewa ba tare da ya ko kalla ba, yana jera su a tsaye, yana cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa a tsakaninsu. Ba a gaggawa. In an ɗora sahu kaɗan sai a bari ya sha iska kafin a ƙara. Gindin bango ya fi kauri, yana tafiya yana sirancewa har sama, don ya ɗauki nauyin kansa. Don aikin ya samu bushewa ake gini da rani, bayan an kai amfanin gona gida, lokacin da rana take akwai kuma hannaye suka samu sarari.

Rufi ne ya fi burge ni, domin a nan rana ta fi duka. A ƙasar Hausa rana kan bi kusan ta tsakar ka, saboda haka abin da rufi ke sha ya fi na kowane bango. Magini yakan shimfiɗa azara, wato tsagin giginya, itacen da gara ba ta cika iya masa ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in an bar ta ta yi nisa babu madogara, abin da bai wuce ƙafa shida ba take jurewa. Wannan ƙarancin ne ya haifi gwanintar. Don a samu ɗaki mai faɗi, sai magina suka riƙa ɗaure azara gaba-gaba, kowace tana ɗan leƙowa gaban 'yar'uwarta, ana lulluɓe su da ƙasa har su haɗu a sama su zama bakan gizo. In bakunan suka gitta juna a tsakiya, an samu ɗaurin guga. A kan wannan ake shimfiɗa zana ko asabari, a bi da ƙasa mai kauri, a shafe da abin da zai hana ruwa zama, a fitar da indararo. Ribar biyu ce: ƙasar rufin tana jinkirta zafi kamar yadda bango ke yi, tsayin ɗakin kuma yana ba iska mai zafi wurin hawa, ta taru can sama nesa da mai zama a tabarma, ta sulale ta 'yar tagar nan da aka yi da gangan kusa da rufi. Ƙarshen wannan fasaha ya bayyana a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani a ƙarni na 19; wanda ke son gani da idonsa kuwa ya shiga Gidan Makama a Kano da rana tsaka ya tsaya shiru na minti biyar.

Akwai wani tsohon magini a unguwarmu, yanzu ƙarfi ya ƙare sai ido da baki. Na kai masa kukan ɗakin barcina da ba ya kwantuwa daga la'asar har tsakar dare. Bai tambaye ni girman ɗakin ba, bai tambayi ƙarfin fankar ba.

"Malam, tagar ina take kallo?"

Na ce, "Yamma, Baba."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai kai ka gayyato ta. Ranar safe baƙuwa ce, ta gaisa ta wuce. Ta la'asar kuwa kwana take zuwa yi."

Gaskiyarsa. Bangon kudu da na arewa ɗan baki kaɗan na rufi ya isa ya yi musu inuwa, tun da rana daga sama take zuwa musu. Na gabas da na yamma kuwa a kwance take dukansu, kuma ta yamma tana zuwa ne lokacin da iska ta riga ta gasu. Tsofaffin magina ba sa yi wa yamma babbar taga. Sukan jingina mata wani gini, ko rumfa, ko su bar mata itace. Gidajen cikin birni ma da suke manne da juna, da lungunan nan matsattsu, kowane bango yana yi wa maƙwabcinsa inuwa ne.

Ba zan ɓoye aibin ginin ƙasa ba, don magina da kansu ba sa ɓoyewa. Ruwa ne abokin gabarsa. Karin maganar nan da ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a wurin magini ba karin magana ba ce, aikin kowace shekara ne. Kafin damina dole a bi bango da yaɓe, a duba indararo, a toshe duk wata tsaga. Suna da magungunansu: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ya zama kamar siminti. Gidan da aka daina kula da shi, ko aka gina a hanyar ruwa, shi ne muke jin ya rufta da mutane a watan Agusta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan a tsananin bazara, in dare ya ƙi hucewa, soro yakan riƙe zafi har mutane su fito da shimfiɗa tsakar gida. Masu gidan sun san haka, shi ya sa tsakar gida take cikin tsarin tun farko. Ɗakin na rana ne, filin na dare.

Abin da ke faranta mini rai shi ne ilimin bai tsaya a gidan tarihi ba. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, aikin da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, a 2018, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala cibiyar Hikma: suka gyara tsohon masallacin garin ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, tare da maginan yankin. Irin wannan bulo, in an ɗan sa masa siminti, yana jure ruwa fiye da tubali, kuma bai rasa haƙurin ƙasa ba. Da shi aka gina rukunin gidajen Niamey 2000 a babban birnin Nijar, benaye a cikin birni, don a nuna cewa ginin ƙasa ba na ƙauye ba ne kawai, ba kuma alamar rashi ba ne.

Mu da muka riga muka zuba kuɗinmu a bulo da kwano fa? Ba sai mun rushe ba. Tunanin magini ake ara: tare zafi tun yana waje. Silin shi ne na farko, tare da kafar da iskar da ta taru tsakaninsa da kwano za ta fita. Ɗakin da babu silin, kuɗin fanka da na iyakwandishan duk kwanon ake biya wa. Farin fenti a kan rufi da bangon waje yana mayar da kaso mai yawa na hasken rana inda ya fito. Inuwar da aka yi wa taga daga waje ta fi labulen ciki amfani, domin labule yana tarar zafin ne bayan ya riga ya shigo. A rufe tagogi da hantsi, a buɗe su bayan isha'i, kamar yadda iyayenmu mata ke yi ba tare da an koya musu ba. In ɗaki ya samu wannan, sau da yawa fanka ta isa, ita kuwa sai ta yi kusan sa'o'i 14 kafin ta sha yunit guda. Mai shagon da ya jingina firjinsa da bangon yamma, ya matse bayansa babu wurin shan iska, injinsa ba zai huta ba kuma mitarsa ba za ta huta ba. Ya matsar da shi gefen inuwa, ya bar masa taki guda tsakaninsa da bango, ya kafa rumfa a gaban shago.

Ni dai na bi maganar Baba. Na sa aka kafa rumfar zana a jikin bangon yamma, da ɗan rata tsakaninta da bangon don iska ta ratsa, na saya wa tagar asabari na rataya daga waje, na dasa darbejiya taku shida daga gindin ginin. Da ya zo dubawa, ya zagaya da sandarsa, ya ɗaga kai ya kalli inda rana take, ya ce a ƙara wa rumfar zana ɗaya ta gefen arewa, domin daga watan Mayu ranar la'asar ta can take karkatowa. Na ƙara. Darbejiyar yanzu ta kai ƙirjina, kullum da magariba yara ke zuba mata ruwan wanke-wanke.