Birnin Tsince-tsince

A garejin wani dattijo a birnin Leeds na Ingila, maƙwabcin ƙanena, na fara ganin birnin da aka gina da bulon roba. Tsohon direban bas ne da ya yi ritaya. Motarsa a waje take kwana, domin birnin ya cinye garejin: tsofaffin ƙofofi biyu ne ya kwantar a kan ƙafafun katako, a kansu ya shimfiɗa titi da tashar bas da gidan burodi da jerin benaye masu hawa uku. Ya ɗaga rufin wani bene ya ce in leƙa. Daga waje ginin ruwan toka ne da ja mai duhu, tsaf kamar yau aka fito da shi daga kanti. Daga ciki kuwa bulo ne rawaya da shuɗi da kore barkatai, wasu sun koɗe, wasu har da shatin haƙoran yaran da suka taɓa mallakarsu. Ya ce da ni abin da ido ba ya gani ba ya kashe masa ko kwabo. Tun ranar nake bibiyar wannan al'ada ta manyan mutane masu gina birni da kayan wasan Lego, musamman ɓangarenta na masu ƙaramin ƙarfi, kuma na yi imani su ne suka riƙe ainihin abin, fiye da masu sayen kwalaye.

Gina gari ba ƙari ba ne da aka yi wa wannan wasa daga baya, kusan da shi aka faro. Ole Kirk Christiansen kafinta ne a ƙauyen Billund na ƙasar Danmak. Da tattalin arzikin duniya ya karye, aikin gini ya tsaya, sai ya koma sassaƙa kayan wasan katako a 1932, ya raɗa wa kamfaninsa suna Lego a 1934 daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. Bulon roba ya fito a 1949, kuma an ɗauko fasalinsa daga na wani kamfanin Ingila mai suna Kiddicraft. Godtfred, ɗan Ole, shi ne ya ga cewa kayan wasa ɗai-ɗai ba sa riƙe yaro, sai in kowane yanki yana shiga cikin ɗan'uwansa. A 1955 ya fito da tsarin da ya haɗe kayan duka, kuma abin da aka ɗora tsarin a kai shi ne taswirar gari: shimfiɗa mai zanen tituna, yaro ya jera gidaje da motoci da itatuwa. Ranar 28 ga Janairu 1958 aka shigar da rajistar bulon da ake gani yau, mai 'yan ƙululu a sama da 'yan bututu a ƙasa waɗanda ke sa shi ya kama ɗan'uwansa gam. A 1963 aka koma wata roba mai ƙarko wadda ba ta saurin lanƙwashewa.

Waɗannan shekaru biyu na ƙarshe su ne jarin talakan magini. Bulon da aka zuba a 1958 yana kama wanda aka zuba bana, domin tazarar da ke tsakanin ƙululu da ƙululu, milimita 8, ba ta sauya ba. Ke nan duk bulon da ke kwance a ƙarƙashin gadon wani yaron da ya girma ya bar gida, kayan gini ne mai rai. Ba kasafai ake samun kayan masana'anta da tsohonsu ke aiki daidai da sabo bayan shekara sittin ba.

Tsadar ta shigo ne ta ƙofar manya. A 1978 aka fito da ɗan mutum-mutumin nan mai rawayar fuska, shi ya zama ma'aunin tsawon ƙofa da faɗin titi. Yaran da suka yi wasa da shi suka girma, suka kama aiki, suka dawo da albashi a hannu. Kamfanin ya lura da su. A 2007 ya fitar da Café Corner, bene mai yanki 2,056 a kan kusan dala 140, wanda aka tsara shi don ya manne da wani benen da zai fito daga baya. Galibin gine-ginen suna zaune ne a kan faifai mai ƙululu 32 ta kowane gefe, wato santimita 25 da ɗoriya, kuma wannan faifai shi ne fuloti a wannan duniya. Zuwa 2017 Assembly Square mai yanki 4,002 ya fito a kan dala 280. Wanda ke son titi mai gini goma sai ya tanadi dubban daloli, ya kuma tanadi tebur mai tsawon sama da mita biyu da rabi, kafin a zo maganar titin kansa da jirgin ƙasa da fitilu. Kyan gine-ginen nan ba abin musu ba ne, na ga wasu na tsaya ina kallo har na manta da lokaci. Damuwata ita ce birnin mai kwali a Jamus da na mai kwali a Amurka duk ɗaya ne: banki ɗaya, otal ɗaya, gidan sinima ɗaya, sai dai wannan ya sa nasa a dama wancan a hagu. Wani ne ya yi tunanin, mai saye ya bi littafin umarni shafi bayan shafi.

Mai ƙaramin ƙarfi ba shi da littafin umarni, abin da kasuwa ta ba shi da shi zai yi. Na bi dattijon nan wata Lahadi da sassafe zuwa wani fili inda mutane ke buɗe but ɗin motocinsu su baje tsofaffin kayan gida, gwanjo dai irin nasu. Ba ya kallon kwali. Leda yake nema ko bokiti, inda wata uwa ta tattara kayan 'ya'yanta gaba ɗaya. Sai ya tsoma hannu ya damƙo ya saki, yana sauraron ƙarar, ya ɗauki ɗaya ya duba ko akwai sunan kamfani a kan ƙululun, sannan ya ɗaga ledar ya kimanta nauyinta. Masu harkar suna da wani ƙiyasi da suka daɗe da shi, cewa sabon yanki ɗaya yana kamawa wajen santi goma na dala. Saye a kilo yana karya wannan farashi ƙwarai, amma tare da bulon za ka kwaso batirin da ya mutu da gashin kare da guntun alewa. A gida sai a jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu, ba mai zafi ba don kada roba ta lanƙwashe, a baza a kan tawul kwana biyu. Bayan nan aikin gaske yake, wato tsincewa, kamar mai tsince wake a faifai. Sabon shiga yakan ware da launi, sai ya sha wuya, domin neman ƙaramin jan yanki a cikin tulin jajaye neman allura ne a ruwa. Tsohon hannu da siffa yake warewa, launin da kansa zai yi wa ido magana.

Abin da gwanjo bai bayar ba sai a nema ɗai-ɗai. A shekara ta 2000 wani matashi mai suna Dan Jezek, ɗan asalin ƙasar Cek mazaunin Hawaii, ya buɗe kasuwar intanet da ta zama BrickLink, inda dubban ƙananan 'yan kasuwa ke ɓare kwalaye suna sayar da taga ɗaya, ƙofa ɗaya, fale-falen daɓe ashirin. Kamfanin Lego ya saye kasuwar a 2019, abin da ya sa wasu suka yi tsaki, ganin mai sayar da sabo ya riƙe wuyan kasuwar tsoho. A shagunan kamfanin kuma akwai bango mai aljihuna cike da bulo, a biya kuɗin mazubi ɗaya a cika shi. Nan ma akwai gwaninta irin ta mai awo: a harhaɗa manyan yankuna su zauna ba rata, a tsiyaya ƙanana su cike ramuka, har murfi ya rufu da ƙyar. Wasu kuma sukan fara zana ginin a kwamfuta, da manhajoji na kyauta da suka samo tushe daga LDraw wadda James Jessiman na Ostareliya ya ƙirƙira a 1995, su san adadin kowane yanki kafin su fitar da sisi.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a nan karin maganar bai ci ba. Rashin kuɗi shi ke tilasta wa magini ya kalli gini da idon basira. Wanda ba shi da tagogi arba'in iri ɗaya dole ya tambayi kansa me ke sa bene ya yi kama da bene, sai ya gano cewa jerin inuwa ne da maimaicin layi, kuma ana iya samar da su da wani yankin da aka yi don shingen lambu ko gaban mota. Wanda ba shi da bulon bango huɗu sai ya gina fuska da rabin gefe, ya jingina da bangon ɗaki. Wanda ba shi da fili sai ya ƙanƙantar da ma'auni, yanki ɗaya ya zama mota, huɗu su zama gida; wata ƙungiyar magina a jihar Minnesota ta Amurka ta tsara irin wannan ma'auni da ake kira Micropolis, inda unguwa guda ke zama a kan faranti. Masanin lissafi Søren Eilers na Danmak ya ƙirga da kwamfuta cewa bulo shida masu ƙululu takwas-takwas, launi ɗaya, suna haɗuwa ta hanyoyi 915,103,765. Mai bin littafi hanya ɗaya yake gani daga ciki. Na fahimci wannan da wuri domin ina cikin yaran da suka ƙera motar kara, suka yanka tsohon silifa suka yi taya. Ba wanda ya ba mu zane, mun dai ƙura wa motar gaske ido har muka gane abin da ba za ta zama mota ba sai da shi.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan zurfi. Birnin gaske ba a gina shi rana ɗaya, kuma ba mutum ɗaya ke tsara shi ba. Ana yin ƙari, ana faci, ana rushe wani a tayar da wani da kayansa. Birnin tsince-tsince haka yake girma. A garejin nan akwai wani kanti da hawansa na ƙasa fari ne wanda ya yi rawaya saboda tsufa, na sama kuma sabo fil, domin wata takwas ne tsakaninsu. Ba da gangan ya yi ba, amma babu ginin da ya kai shi kama da na titin da ke bayan gidansa.

Ba zan ɓoye aibin al'adar ba. Arahar takan zama tarko. Mutum ya sayi kilo biyar don yana son tagogi, ya tashi da tayoyi ɗari da fikafikan jirgi da ba zai taɓa amfani da su ba, ɗaki ya cika da robobi, ya wayi gari ya zama mai ajiya maimakon magini. Kuɗin aikawa daga 'yan kasuwa shida yakan ninka kuɗin kayan. Lokacin da tsincewa ke ci kuma sai mai ritaya ko marar nauyin iyali. Sannan ga masu ɓoye kaya. Tun da aka gane cewa kwalin da aka daina bugawa yana tashi, har wani bincike na jami'ar HSE ta Mosko ya nuna ribar kusan kashi 11 cikin ɗari a shekara tsakanin 1987 da 2015, sai wasu suka shiga saye suna jibgewa ba tare da sun yage leda ba. Café Corner da ba a buɗe ba yau ya haura dala dubu nesa ba kusa ba. Wannan yana ɓata mini rai, domin an mayar da abin da aka yi don hannu ya zama abin da hannu ba ya taɓawa.

Rigimar da ta fi raba kan magina ita ce ta bulon wasu kamfanoni. Rajistar 1958 ta daɗe da ƙarewa. Kotun ƙolin Kanada a 2005, da kotun Tarayyar Turai a 2010, sun yanke cewa siffar bulon ba tambarin kasuwanci ba ce da kamfani ɗaya zai riƙe har abada. Don haka Mega Bloks na Kanada da Cobi na Foland halas suke sana'arsu. Daban yake da Lepin na ƙasar Sin, wanda ya riƙa kwafe zanen kwalayen Lego sukutum har 'yan sandan Shanghai suka kai masa samame a 2019. Wannan satar wahalar mai zane ce, ba na goyon bayanta. Amma masu ɗaga hanci ga duk bulon da ba shi da sunan nan a ƙululunsa, su tuna cewa shi ma na Billund daga Kiddicraft ya koya. In bulo ya kama da kyau, mai ƙaramin ƙarfi bai yi laifi ba don ya cike cikin bangonsa da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ake ginawa. Yawancin biranen nan, har na masu tsince-tsince, kwaikwayon kwali suke: ofishin 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, shagon shayi, titi mai tsabta irin na wata Turai ko Amurka ta shekarun baya. Da wuya ka ga unguwar marasa galihu, ko maƙabarta, ko kasuwa mai rumfuna, ko ginin da aka fara kuɗi suka ƙare. Wanda ya 'yantu daga littafin umarni ya kamata ya 'yantu daga hoton bayan kwali ma. Fim ɗin The Lego Movie na 2014 ya taɓo wani ciwon, inda uba ya gina birni a ɗakin ƙasa ya hana ɗansa taɓawa, har yana liƙe bulon da gam. Mai zane Olafur Eliasson ya bi ta ɗaya gefen: a 2005 ya zube tan uku na farin bulo a dandalin Tirana ta Albaniya, masu wucewa suka yi ta ginawa, wani ya rushe na wani ya ɗora nasa.

Dattijon Leeds ya fi kusa da na biyun. Jikarsa 'yar shekara bakwai tana da fuloti biyu a ƙarshen tebur, ba ya gyara mata ko da ta dasa itace a tsakiyar titi. Ranar da na je yi masa sallama na tarar ya kwance gidan burodin nan har ƙasa, ya jera tagoginsa a murfin kwalin takalmi. Tsohuwar tashar da ya yi shekaru yana fitar da bas daga cikinta da asuba yake son ginawa, wadda aka rushe tuni, kuma hoto ɗaya kawai gare shi sai abin da ya riƙe a ka. Ya ƙirga ya ce saura fale-fale ruwan toka goma sha ɗaya rufin ya haɗu, yana sa ran Lahadi mai zuwa.