Nazari a Kan Faifan "Scum" na Ƙungiyar Napalm Death

Gabatarwa

A aji an koya mana cewa mai nazarin waƙa zai fara da neman jigo, sa'an nan ya duba zubi da tsari, ya ƙarasa da salo da sarrafa harshe. To, yaya manazarci zai yi idan aka kawo masa waƙar da ko masu harshen ba su iya tsintar kalmominta? Wannan tambaya nake so in ɗan tattauna ta hanyar duba faifan Scum na ƙungiyar Napalm Death ta birnin Birmingham a Ingila, wanda kamfanin Earache ya fitar a 1987.

Asalin Kiɗan

Kiɗa iri biyu samarin nan suka gauraya. Na farko shi ne hadko, wanda ya tsiro daga kiɗan fank, irin na ƙungiyar Discharge: waƙoƙi gajeru, masu sauri, cike da sukar yaƙi da mahukunta. Na biyu kuwa shi ne kiɗan metal mai tsanani wanda a lokacin yake rikiɗewa zuwa det-metal, inda ake sassauta tsirkiyar jita don ta yi nauyi, mawaƙi kuma ya riƙa gurnani daga maƙogwaro. Makaɗin gangarsu, Mick Harris, shi aka fi danganta wa sunan da aka laƙaba wa wannan haɗi, wanda za mu iya kira kiɗan niƙa, saboda yana kama da ƙarar injin niƙa.

Zubi da Tsari

Waƙoƙi 28 ne a faifan, duka a cikin kimanin minti 33. Ɗaya daga ciki, "You Suffer", ba ta kai daƙiƙa biyu ba, har ta shiga kundin Guinness a matsayin waƙa mafi gajarta. An ɗauki gefen farko a 1986 da Nik Bullen da Justin Broadrick, gefe na biyu kuwa a 1987 da Lee Dorrian da Bill Steer da Jim Whiteley. Harris kaɗai ya kasance a duka biyun. Mai sauraro zai ji wannan bambanci. Gefen farko yakan ja kiɗa a hankali kafin ya ɓarke da gudu, na biyu kuwa ya fi nauyi, kuma da wuya ya bar mutum ya numfasa. A ganina gefen farko ya fi armashi, domin sai an ji tafiyar hawainiya ake gane gudun doki.

Jigo da Salo

Wanda ya karanta baitocin a rubuce zai ga jigon a fili, watau sukar manyan kamfanonin duniya, da haɗama, da danniya. Sunan waƙar farko ma "Multinational Corporations". Hoton bangon faifan, wanda Jeff Walker na ƙungiyar Carcass ya zana, ya nuna ƙoƙunan kai da tamburan kamfanoni da masu kwat da mayunwata. Amma da an ɗora allura, sai kalmomin su nutse cikin gurnani.

A nan ne nake ganin ya kamata manazarci ya sake lale. Samarin nan sun tashi a yankin masana'antu a zamanin Margaret Thatcher, lokacin da ake rufe ma'aikatu, matasa suna zaman kashe wando. Wanda ya tabbata ba za a saurare shi ba ko ya tsara magana, ihu ya rage masa. Saboda haka saurin gangar da kaushin muryar da gajartar waƙoƙin su ne suka ɗauki nauyin saƙon. Salon ya zama shi ne jigon. Ƙin yin daɗi ma saƙo ne ga kasuwar faifai, wadda take son waƙar minti uku mai amshi. Duk da haka John Peel ya sa su a gidan rediyon BBC tun 1987.

Naƙasun Faifan

Sai dai akwai gyara. Ihu yana nuna cewa mutum ya fusata, amma ba ya faɗin da wa ya fusata. Wanda bai ga takardar baitocin ba zai iya ɗaukar faifan a matsayin son tashin hankali kawai, alhali masu shi adawa suke da yaƙi. Waƙar da sai an karanta ta kafin a fahimce ta ta bar rabin aikinta a hannun maɗaba'a. Daɗin daɗawa, waƙoƙin gefe na biyu suna kama da juna har kunne ya gaji.

Da alama su kansu sun ga iyakar wannan hanya. Dorrian ya fita a 1989 ya kafa Cathedral, mai kiɗa a hankali ƙwarai. Ƙungiyar kuma ta tafi Florida ta Amurka ta ɗauki Harmony Corruption a 1990, inda ta karkata sosai ga det-metal. Gwaninta ta ƙaru, amma a kunnena zafin ya ragu.

Kammalawa

Ban ce kowa zai ji daɗin Scum ba, don ba a yi shi domin daɗi ba. Abin da nake roƙon 'yan'uwa ɗalibai shi ne, kada mu yanke wa waƙa hukuncin rashin jigo don kawai ba mu same shi a cikin kalmomi ba. Mu nemi shi a kari da murya da tsawon waƙa tukuna. Allah ya sa mu dace.